Gidan Ƙarfe a Unguwar Canley: Abin da Rikoda ta Ɗauka da Abin da ta Bari

Daren farko da na kwana a unguwar Canley ta birnin Coventry, cikin watan Satumba na 2021, ban runtsa ba sai gab da asuba, domin gidan da aka sauke ni yana ta motsi. Can sai in ji ƙas daga saman bango, jim kaɗan kuma wani ƙas ɗin ya amsa daga rufi, kamar dai yadda kwanon ɗakin mahaifiyata yake yi idan rana ta faɗi bayan yinin bazara. Da gari ya waye na yi wa mai gidan ƙorafi cikin ladabi. Dariya ta yi, ta ciro wani ɗan maganaɗisu daga jikin firji, ta ce in hau sama in buɗe tagar ɗakina in manna shi a bangon waje. Na manna, ya kama ram. Ashe rabin gidan na sama falle-fallen ƙarfe ne aka shafe da fenti, ginshiƙan da ke ɗauke da shi kuma tun daga ƙasa har rufi duk ƙarfe ne. Rana ta dake shi ya miƙe, sanyin dare ya sauko ya takure, shi ne ƙarar da ta hana ni barci.

Karatun digiri na biyu ne ya kai ni can, a fannin adana kayan tarihi, kuma araha ce kawai ta sa na kama ɗaki a gidan. Mai gidan tsohuwa ce 'yar shekara 82, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ta nemi in riƙa kiran ta da sunanta na yanka kamar yadda suke yi a can, amma bakina ya ƙi ɗauka. Na bayyana mata cewa a wurinmu wanda ya haifi sa'an iyayenka ba a ambatar sunansa gatsau, don haka zan riƙa ce mata Iya. Ta karɓa, har ta riƙa sa hannu da shi a 'yan takardun da take bar mini a kan teburin kicin. Da wannan suna zan kira ta a nan.

Kafin in shiga labarinta, ya kamata mai karatu ya san asalin irin waɗannan gidaje. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Birtaniya cikin matsananciyar ƙarancin muhalli. A daren 14 ga Nuwamba 1940 kaɗai, jiragen yaƙin Jamus sun halaka mutum sama da 500 a Coventry, sun rushe gidaje fiye da 4,000, har babbar majami'ar birnin ba ta tsira ba. Ga shi kuma an shafe shekara shida kusan ba a gina sabon gida ba, magina sun tafi fagen daga, katako da jan bulo sun yi wuya. Tun a 1942 gwamnati ta kafa kwamitin Burt domin ya binciki hanyoyin gini waɗanda ba su dogara da bulo da birkila ba. A watan Maris na 1944 Winston Churchill ya yi alƙawari ta rediyo cewa za a samar da gidajen wucin gadi har rabin miliyan. Samfurin farko, wanda aka laƙaba wa sunan ministan ayyuka Lord Portal, na ƙarfe ne, an kuma baje kolinsa a harabar gidan zane-zane na Tate da ke Landan, sai dai bai kai ga shiga masana'anta ba saboda ƙarancin ƙarfen. Daga bisani, tsakanin 1945 da 1949, an kafa gidajen wucin gadi 156,623 iri daban-daban, marasa bene, masu ɗakin kwana biyu, waɗanda aka yi wa ƙiyasin shekara goma. Daga cikinsu akwai samfurin Arcon mai ƙashin ƙarfe, akwai Uni-Seco mai ƙashin katako, akwai kuma AIROH da aka ƙera da alminiyam a masana'antun jiragen sama.

Gidan Iya ba ya cikin wannan rukuni, kuma wannan bambanci ne tushen abin da ya faru tsakanina da ita. Nata shi ne wanda ake kira BISF, wato haruffan farko na sunan tarayyar masana'antun tama da ƙarafa ta Birtaniya, wadda ta ɗauki nauyin tsara shi domin ƙarfe ya sami kasuwa bayan an daina ƙera makamai. Gida ne mai bene, mai ɗakin kwana uku, ana gina su biyu-biyu a manne da bango ɗaya. An gwada samfurinsa a Northolt a 1944, sannan daga 1946 aka gina sama da 30,000 a faɗin ƙasar. Gida ne na dindindin tun a kan takarda. Wanda ya zana shi, Frederick Gibberd, shi ne daga baya ya tsara sabon garin Harlow, kuma shi ne ya zana Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park. Ranar da na gano haka na jima ina murmushi, domin na yi sallar Juma'a a masallacin ba tare da sanin cewa hannun da ya zana ƙubbarsa shi ne ya zana ɗakin da nake kwana ba.

Da lokacin zaɓen batun kundi ya zo, sai na ga ruwa na ƙasa ina neman na sama. Na nemi izinin Iya in riƙa ɗaukar muryarta, ta sa hannu a takardar amincewa, muka ware yammacin kowace Lahadi bayan shayi. An haife ta a 1939. Bam ya lalata gidan da iyayenta suke haya, suka koma wurin kakarta, mutum bakwai a ɗaki biyu, bayan gida yana can tsakar gida ana tarayya da maƙwabta, wanka kuma sau ɗaya a mako cikin bahon kwano a gaban murhu, babba ya fita ƙarami ya shiga ruwan da ya bari. A 1947, tana da shekara takwas, hukumar birni ta ba su makullin gidan Canley. Abin da ya fi zama mata a rai daga wannan rana shi ne famfon ruwan zafi. Ta ce mahaifiyarta ta buɗe shi ta tsaya tana kallo, ta rufe, ta sake buɗewa, sannan ta zauna a bakin bahon wanka ta yi kuka. Ita kuwa Iya matakalar bene ce ta ɗauke mata hankali, ta yi ta hawa tana sauka har aka kwaɓe ta.

Irin waɗannan bayanai ba a samun su a fayil ɗin hukuma. Fayil zai gaya maka kaurin ƙarfen da faɗin ɗaki da kuɗin da aka kashe. Iya ce ta gaya mini cewa da hunturu ƙanƙara tana daskarewa a cikin gilashin taga, yara su riƙa zane a kai da farce kafin a tashe su shirin makaranta. Cewa ba a iya rataya madubi mai nauyi a bangon ciki domin allo ne marar kauri, ƙusa ba ta kama shi. Cewa 'yan makarantar da suke zaune a gidajen bulo suna yi musu ba'a da cewa a gwangwani suke kwana, su kuma su rama da cewa su dai ba sa fita waje cikin dare don zagayawa. Ta tuna launin fentin da hukuma take shafa wa saman gidajen, da yadda mata suke gane wadda ta makara da biyan haya ta hanyar lura da ƙofar da mai karɓar kuɗi ya fi daɗewa a bakinta. Ta tuna lambun bayan gida, wanda mahaifinta ya cika da dankali da kabeji saboda har lokacin ana rabon abinci da kati.

A zama na huɗu na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Iya ta faɗi abu biyu cikin alfahari. Na farko, wai shekara goma kacal aka yi wa gidan alƙawari, ga shi ya haura saba'in. Na biyu, wai da tarkacen jiragen yaƙi aka narka aka ƙera shi. Ni kuwa a makon nan na gama karance-karancen da na taƙaita a sama, kaina cike da sabon ilimi. Sai na katse ta, na yi mata bayani dalla-dalla cewa ƙiyasin shekara goma na ƙananan gidajen wucin gadi ne, batun jirage kuma ya shafi na alminiyam ne, waɗanda aka ƙera fiye da 54,000, nata kuwa baƙin ƙarfe ne kuma don zaman dindindin aka yi shi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta saurare ni har na kai aya, ta ce to, tunda na fi ta sanin gidan, sai in ci gaba da bayani ita ta ɗauki rikodar. Ta tashi ta kwashe kofuna. Lahadi biyu a jere ta ce kanta yana ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gida ba zan taɓa yin haka ba. Na tashi a hannun kaka, na san ba a ce wa babba ya yi kuskure a tsakiyar zancensa, kuma tun a ajin farko na nazarin adabin baka aka koya mana cewa mai neman bayani kunne ne shi. Amma da na sami kaina a ƙasar da takarda take da rinjaye, sai na ɗauka cewa dattijuwar Baturiya ba ta buƙatar ladabin da zan yi wa dattijuwar Bahaushiya, kamar dai tarihin baka wani abu ne da ya keɓanta da mu, su kuwa nasu duk a rubuce yake. Wannan zato ya daɗe a cikina ban sani ba, sai ranar ya fito.

Cikin makonnin nan biyu na koma ga aikin Alessandro Portelli a kan mutuwar Luigi Trastulli, wani matashin ma'aikacin masana'antar ƙarafa a garin Terni na Italiya. An kashe shi a 1949 yayin wata zanga-zangar adawa da shigar ƙasar ƙawancen NATO, amma da Portelli ya zo tattara bayanai bayan shekaru, sai ya tarar mutane da dama sun mayar da mutuwar zuwa 1953, shekarar da aka sallami ɗimbin ma'aikata daga masana'antar. Portelli bai jefar da waɗannan ruwayoyi ba. Ya nuna cewa sauya shekarar shi kansa bayani ne, domin yana nuna inda al'umma ta ga ya dace a ajiye mutuwar don ta yi ma'ana. Mu da muka saba da muhawara a kan labarin Bayajida bai kamata wannan ya zama mana baƙon tunani ba, kuma Jan Vansina ya daɗe da shimfiɗa mana hanyar auna ruwaya. Sai dai sanin abu a aji daban, tuna shi a gaban mai ba da labari daban.

Da na sake sauraren abin da rikoda ta ɗauka, sai na ji abin da na toshe kunnena a kai. Idan Iya ta ce shekara goma aka yi wa gidan, abin da take nufi shi ne su ne suka raya shi. Mahaifinta ne yake kankare tsatsa a gindin bango, mijinta ne ya sauya tagogi, ita ce ta tara kuɗin sayensa. Idan kuma ta ce da jirage aka ƙera shi, to yarinyar da jirgi ya raba da gidansu tana da shekara ɗaya ce take faɗin cewa abin da ya rushe musu shi ne ya dawo ya rufa musu asiri. Daga baya na ji wannan zance na jirage daga bakin wasu tsofaffi biyu a layin, ke nan ba ƙirƙirarta ba ce, ruwaya ce ta unguwa. Na je na ba ta haƙuri irin namu, na rusuna a gaban kujerarta, abin da ya ba ta mamaki har ya sa ta dariya. Lahadi ta uku muka ci gaba.

Tun daga nan na sauya tsarin aikina. Na daina taɓa kalamanta a rubutaccen kwafin hirar. Inda ta yi shiru na nuna tsawon shirun, inda ta maimaita na bar maimaicin, inda karin harshenta na tsakiyar Ingila ya saɓa wa Ingilishin makaranta na bar shi yadda ya fito. Abin da takardun hukuma suka ce kuwa na ajiye shi a shafi na daban, domin mai nazari na gaba ya ga duka biyun ya kuma ga tazarar da ke tsakaninsu. A nan ina da ɗan tsokaci ga abokan aikina a fagen nazarin Hausa. Sau da yawa mukan ɗauko zancen tsohuwa da Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci, mu goge shi tas zuwa Daidaitacciyar Hausa, mu tsinci jimla biyu mu sa a babi na huɗu, kaset ɗin ko fayil ɗin kuma ya ɓace tare da tsohuwar waya. Sunanta ya koma layi ɗaya a jerin waɗanda aka yi hira da su. Abin lura ne cewa tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith tana zaune a ƙasar Zazzau tana rubuta rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aikin da ya fito a 1954. Darajar littafin har gobe tana cikin ƙananan abubuwan da aka bar Baba ta faɗa game da zaman gida, waɗanda wani mai gaggawa zai ɗauka surutu ne.

Akwai kuma abin da rikoda ba ta ɗauka ba. Bangon da ya raba gidan Iya da na maƙwabta ba ya ɓoye sauti sosai, kuma maza da yawa a layin sun dawo daga yaƙi da abin da ba a gani a jiki. Wata Lahadi ta fara ba ni labarin abin da ake ji ta bango cikin dare, da abin da maƙwabta su ma suke ji daga nasu ɓangaren, sai ta miƙa hannu ta danne na'urar da kanta. Ta yi magana kusan minti arba'in. A ganina a nan ne zuciyar tarihin unguwar take, domin ya bayyana mini dalilin da ya sa matan layin suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kowa ta san sirrin kowa kuma babu mai faɗa. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in koma in nemi izininta ko da za a sakaya sunaye. Na yi tunani na ga a layi mai gida ashirin sakaya suna ba ya sakaya kowa, jikokin mutanen suna nan. Ban koma ba. Kundina ya rasa babinsa mafi ƙarfi, kuma wani lokaci nakan tambayi kaina ko amana na riƙe ko tsoro na ji.

Masu wannan aiki a Birtaniya suna tsere ne da lokaci ta fuska biyu, domin mutanen suna ƙarewa, gidajen ma suna sauya kama. Rukunin Excalibur da ke Catford a kudancin Landan, mai gida 187 waɗanda fursunonin yaƙi na Jamus da Italiya suka kafa, shida kaɗai daga cikinsu aka sa a jerin gine-ginen da doka ta kare a 2009, aka buɗe hanyar rushe saura. A ɗaya daga cikin gidajen da aka kwashe ne Elisabeth Blanchet ta buɗe wani ɗan gidan tarihi a 2014, wanda gobara ta ci a shekarar, daga baya ita da Jane Hearn suka mayar da aikin zuwa yawon tattara hotuna da muryoyi da taswira ta intanet. A titin Wake Green na Birmingham akwai jerin gidajen Phoenix da aka kare, a gidan tarihi na Avoncroft kuma an sake kafa wani Arcon guda. Na ziyarce shi. An jera kayan ɗaki irin na lokacin, komai tsaf, amma babu warin kwal, babu wanda zai ce maka ga inda ruwa yake zuba.

Gidajen BISF kuwa nasu ɓacewar a hankali take zuwa, ba da katafila ba. Dokar gidaje ta 1980, ta zamanin Margaret Thatcher, ta bai wa 'yan haya damar sayen gidajen hukuma, Iya da mijinta suka sayi nasu. Dokar 1984 da ta lissafa samfuran gidaje masu illa a gininsu, galibi na kankare, ba ta haɗa da BISF ba, amma duk da haka wasu masu ba da bashin sayen gida suna ɗari-ɗari da duk ginin da ba na bulo ba, musamman saboda tsatsar da kan ci gindin ginshiƙai idan danshi ya shiga. Don haka masu gidajen sukan lulluɓe su da abin tare sanyi, a yaɓe da siminti ko a manna abin da ya yi kama da bulo, a sauke rufin asbesto a ɗora wani. Ba na ganin laifin kowa, domin wanda ya kwana cikin sanyin Janairu a ɗakin sama ba zai yi wa'azin a bar gida yadda yake saboda tarihi ba.

Wata matsala da ban warware ba ita ce ta fassara. Ina son in fitar da wani ɓangare na hirar da Hausa, amma Ingilishi yana da kalma ɗaya ta ginin, wata kuma ta wurin da mutum ya kafu, Iya kuwa tana sauyawa tsakaninsu da gangan: ta farko idan tana zancen hukuma da haya da tsatsa, ta biyu idan tana zancen mahaifiyarta. Hausa ta haɗe su cikin gida, har ta ƙara da mutanen ciki, shi ya sa idan muka ce yaya gida ba bango muke tambaya ba. Na gwada amfani da gini da muhalli da mazauni, kowanne ya fito da ƙamshin ofis. A yanzu dai na bar gida a ko'ina, ina sa alama a gefen shafi duk inda ta sauya.

A farkon 2023, bayan na dawo, 'yarta ta rubuto mini cewa Iya ta faɗi a matakala, an mayar da ita gidan kula da tsofaffi, kuma an sa gidan a kasuwa don biyan kuɗin kulawar. Mai saye na farko ya janye da aka hana shi bashi, na biyu ya saya da niyyar raba shi ɗaki-ɗaki ga ɗalibai. Ta tambaye ni ko har yanzu ina da muryar, domin mahaifiyarta ta fara rikita sunayen jikokinta. Na aika mata da duka sa'o'i goma sha ɗaya, tare da rubutaccen kwafin bakwai da na gama. Ta ce tana kunna mata zama na farko, na ranar famfon ruwan zafi, Iya takan saurara ta gyaɗa kai, wani lokaci har ta gyara wa mai maganar wani abu. Sauran sa'o'i huɗun ina kan rubuta su, kuma takardar da za ta ba ni damar miƙa su ga taskar adana tarihi tana jiran sa hannun 'yar, tunda wadda Iya ta sa wa hannu ta tsaya ne a kan kundi kaɗai.